Digiri na biyu a kimiyyar wasanni: abin da ɗan Zariya ya kamata ya sani kafin ya sayi fom

Duk lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta fara sayar da fom ɗin karatun gaba da digirin farko, akwai wani rukunin matasa da ke shiga wasi-wasi. Wasu sun karanta ilimin motsa jiki da lafiya a Samaru, wasu kimiyyar yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, wasu kuma malaman makaranta ne da ke horar da yara ƙwallo da yamma a Tudun Wada ko Sabon Gari. Dukkansu sun ga yadda bencin manyan kulob na Turai ke cike da mutanen da ba sa taɓa ƙwallo, kowa da kwamfuta a cinya, kuma ransu ya biya. A gida kuwa tambaya ɗaya ke jiransu daga bakin mahaifi ko babban wa: "Kai yanzu in ka gama wannan karatu na guje-guje, wa zai ɗauke ka aiki?" Tambayar tana kan hanya. Amsarta kuma ta fi rataya a kan abin da mutum ya yi da hannunsa a cikin shekarun karatun, fiye da sunan takardar da zai fita da ita.

Da farko a san wane ne masanin kimiyyar wasanni, domin ana yawan cakuɗa shi da wasu. Koci shi ke zaɓen 'yan wasa da tsara dabara. Likita da mai gashin ƙashi su ke karɓar wanda ya ji rauni. Masanin kimiyya yana tsakaninsu. Shi ke auna jikin ɗan wasa, ya san nauyin atisayen da zai iya ɗauka, ya faɗa wa koci cewa wane ya gaji ko da bakinsa bai faɗa ba, wane kuma in aka ƙara masa gudu a makon nan tsokar bayan cinyarsa na iya tsagewa. Ɗan ƙwallon ƙafa a manyan gasanni yakan cinye kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, amma abin da ke raba gardama shi ne ɗan kason da ya yi da matsanancin gudu, da ko zai iya maimaita shi a minti na 80. Wannan ƙarfin ne ake aunawa, a gina shi, a kuma hana shi zubewa.

Fannin yana da rassa. Akwai masu nazarin zuciya da huhu da tsoka a lokacin wahala, akwai masu nazarin yadda ƙafa ke sauka a ƙasa da yadda gwiwa ke lanƙwasa, akwai na abinci, na halayyar ɗan wasa da tsoronsa, na gina ƙarfi, da masu zama da bidiyon wasa suna fitar da alƙaluma. A digirin farko ana ɗan taɓa kowanne. A digiri na biyu dole mutum ya kama ɗaya ya riƙe, kuma wanda ya shiga bai san wanda zai kama ba yakan ƙare da duk abin da aka miƙa masa.

Ga wanda ke ganin abin ƙawa ne kawai na ƙasashe masu kuɗi, tarihi yana da abin faɗa. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 Najeriya ta ci zinare biyu, na ƙwallon ƙafa da na dogon tsalle da Chioma Ajunwa ta kawo. Birtaniya zinare ɗaya tak ta samu, tana ƙasa da mu a jadawali. Abin ya yi musu ciwo, daga 1997 suka fara zuba kuɗin cacar ƙasa a kan 'yan wasa da masu auna su da masu kula da lafiyarsu. A Rio a 2016 sun zo na biyu a duniya. A Paris a 2024 sun kwashi lambobi 65, mu kuma muka dawo hannu rabbana. Ostareliya ma haka ta yi: bayan ta tashi ba zinare ko ɗaya a Montreal a 1976, ta kafa cibiyar wasanni ta ƙasa a 1981. Ba baiwa suka fi mu ba. Tobi Amusan da ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022 'yar Ijebu-Ode ce, sai dai a Jami'ar Texas da ke El Paso aka goge ta.

A Samaru, gidan wannan karatu shi ne sashen ilimin motsa jiki da lafiya da ke ƙarƙashin Tsangayar Ilimi, inda ake yin digiri na biyu da na digirgir. Ƙa'idar shiga ita ce wadda aka saba a jami'o'in ƙasar nan: digirin farko mai daraja ta biyu a fannin ko makusancinsa, da takardar bautar ƙasa. Wanda darajarsa ta gaza, ko ya fito daga wani fanni, yakan bi ta babbar difloma tukuna. Shekarar farko darussa ne da jarrabawa, ciki har da dabarun bincike da lissafin alƙaluma. Daga nan sai gabatar da abin da za a bincika, a fita fili, a rubuta kundi, a kare shi a gaban malamai na ciki da na waje. Digirin digirgir ba ya kasa shekara uku, kuma yajin aiki ya sha tsawaita wa mutane duka biyun.

Zaman sashen a Tsangayar Ilimi yana da ma'ana. A kusan duk jami'o'in Najeriya an kafa irin waɗannan sassa ne don samar da malaman da za su koyar da wasannin motsa jiki a makarantu, kuma sun yi wannan aiki. Amma horar da malamin aji daban, horar da wanda zai tsaya a bayan koci yana auna 'yan wasa daban. Saboda haka ɗalibin da ke son na biyun sai ya haɗa da ƙafa: ya leƙa sashen kimiyyar aikin gaɓoɓi, ya ƙulla zumunci da masu gashin ƙashi da likitocin zuciya a asibitin koyarwa na Shika, ya nemi wani a sashen lissafi ko kwamfuta ya zaunar da shi. Sa'ar ɗan Zariya ita ce duk waɗannan suna cikin gari ɗaya, kuɗin mota kaɗan ne tsakaninsu.

Inda gizo ke saƙar shi ne kundin bincike. A jami'o'inmu da yawa, in ka jera kundayen wannan fanni za ka tarar mafi yawansu takardar tambayoyi ce aka raba: ra'ayin ɗalibai game da wasanni, matsalolin da ke hana ci gaban wasanni a ƙaramar hukuma kaza. Irin wannan bincike yana da wurinsa, musamman ga mai karatun gudanar da harkokin wasanni. Amma wanda ya ce shi masanin ƙwazon 'yan wasa ne, alhali bai taɓa ɗora yatsa a wuyan ɗan wasa ya ƙirga bugun zuciyarsa bayan gudu ba, tamkar tela ne da ya haddace littafin ɗinki bai taɓa taka keke ba. Babu kocin da zai saurare shi, kuma kocin yana da gaskiya.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne rashin kayan aiki. Gaskiya ne na'urar auna iskar oksijin da jiki ke sha a kan injin gudu tana da tsada, haka ma rigunan Catapult masu bin sawun ɗan wasa ta tauraron ɗan'adam. Amma yawancin gwaje-gwajen da ake yi a fili, har a manyan kulob, ba sa bukatar ko ɗaya. Ɗauki gwajin Yo-Yo da Jens Bangsbo na Denmak ya fito da shi. Tef ɗin awo kake bukata, da 'yan alamomi, da waya da ƙaramar lasifika. A ja layi biyu, mita 20 tsakaninsu, a bar wasu mita 5 a baya. Ƙara ta tashi, yara su ruga su taɓa layi su dawo kafin ta sake tashi, su yi tattaki na daƙiƙa 10, su sake. Tazarar ƙarar tana ta raguwa. Da farko ana dariya ana tsokanar juna. Can sai ka ga kafaɗu sun fara sauka, wani ya makara sau ɗaya an gargaɗe shi, ya makara na biyu an fitar da shi, ka rubuta nisan da ya kai. Sau da yawa wanda ake yi wa kirari a unguwa saboda yanka shi ke fara fita, wani shiru-shiru mai tsaron baya ya rage shi kaɗai yana kai da komo. Maimaita bayan mako shida na atisaye, ka ga wa ya ƙaru, wa ya tsaya cik. Koci da ya ga wannan takarda da idonsa ba ya bukatar dogon bayani.

Haka auna zufa. Sikelin banɗaki ya isa. Yaro ya hau kafin atisaye, kilo 68. Ya hau bayan an tashi, ya goge jiki, kilo 66 da rabi, kuma a tsakani ya sha ruwan leda ɗaya, rabin lita. Ke nan ya zubar da kimanin lita biyu, nauyinsa ya ragu da fiye da kashi 2 cikin ɗari, wanda shi ne mizanin da aka san ƙwazo yana fara raguwa daga gare shi. Nauyin atisaye ma akwai hanyarsa mai sauƙi da Carl Foster ya yaɗa: bayan an huta kaɗan a tambayi kowa, daga 0 zuwa 10, yaya ka ji wahalar yau? In ya ce 7, an kuma yi minti 90, ka rubuta 630. Tara na mako guda, ka kwatanta da na makonnin baya. Duk wanda alƙaluminsa ya yi tsalle farat ɗaya, a sa masa ido. Bidiyon waya da manhajar Kinovea, wadda kyauta ce, sun isa a duba yadda gwiwar yarinya ke karkata ciki in ta diro daga tsalle.

Kuma an riga an nuna cewa irin wannan aiki yana yiwuwa a ƙasar nan. A 2014 Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi da ƙungiyoyin matasa na gasar yara ta Legas. Sun raba su biyu, wasu suka riƙa ɗumama jiki da tsarin FIFA 11+, wasu suka ci gaba da yadda suka saba. Raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari a ɓangaren farko. Ba wata na'ura a ciki, haƙuri ne da rubuta duk wanda ya ji ciwo har ƙarshen kaka. Har yau masana a ƙasashen waje suna kafa hujja da shi.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa game da Zariya shi ne tambayoyin da ke zube a ƙofar gida. Littattafan da ake koyarwa da su yawanci a kan matasan Turai da Amurka aka gina su, a yanayin sanyi, da abincinsu. Mu kuma a Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 35, kuma a lokacin yara ke buga gasa a kan jar ƙasa bayan la'asar. An san jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da atisaye cikin zafi. An san kuma FIFA ta fara tsayar da wasa don shan ruwa a gasar kofin duniya ta 2014, a wasan Holan da Meziko. To yaron da aka haifa a Gyallesu, nawa yake zubarwa, nawa ya kamata ya sha, da ƙarfe nawa ya kamata a fara wasa? In hunturu ya kama kuma ƙura ta rufe gari, me take yi wa ƙirjin mai gudun dogon zango, musamman mai asma? Mai sikeli da agogo da littafi zai iya fara amsa waɗannan a kakar wasa ɗaya.

Sai azumi. A 2021 an dakatar da wasan Leicester da Crystal Palace na ɗan lokaci don Wesley Fofana ya sha ruwa, duniya ta yi ta magana. Masana a Tunisiya da asibitin Aspetar na Doha sun daɗe suna nazarin yadda azumi ke shafar ɗan wasa, kuma abin da ke yawan fitowa shi ne ba yunwa kaɗai ba ce, har da ƙarancin barci da sauya lokacin atisaye. A nan kuwa kusan ƙungiya gaba ɗaya ke azumi, har da koci. Wasu suna atisaye daf da magariba, wasu bayan asham, wasu bayan asuba. Wanne ya fi? Me ya kamata a ci da sahur daga abin da ke akwai, tuwo ne ko kunun gyaɗa ko fura da nono? Azumin 2023 da na 2024 sun faɗo a tsakiyar bazara, kuma tun da watan yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, yanzu yana gangarawa cikin hunturu. Ɗalibin digirin digirgir da ya bi ƙungiya ɗaya shekara uku zai samu abin da masanin Landan ba zai samu ba ko nawa ya kashe.

Akwai maganar jini, wadda ta shafi rai. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da rukunin AS, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da ciwon ba. Mafi yawansu suna wasa lafiya lau har su tsufa, kuma bai kamata a hana kowa wasa saboda shi ba. Sai dai an san in aka haɗa matsananciyar wahala ba hutu da zafi da ƙishirwa, wasunsu na iya faɗuwa. Shi ya sa hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta wajabta tantance 'yan wasan babban rukuninta tun 2010. Mu da muka fi kowa yawan masu shi, ƙungiyoyin unguwa nawa ne suka san rukunin jinin yaransu? Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas a 1989, Chineme Martins na Nasarawa United ya rasu bayan ya faɗi a Lafiya a 2020. Christian Eriksen kuwa zuciyarsa ta tsaya a fili a 2021, aka danna masa ƙirji nan take aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya tashi har ya koma wasa. Duk mai digiri a wannan fanni da bai iya danna ƙirjin wanda ya faɗi ba, ya fara da wannan kafin komai.

Dambe da kokawa da langa ma suna jiran mai zuwa da agogo da littafi: sau nawa ɗan dambe ke shan naushi a ka a dare ɗaya, kwana nawa yake hutawa bayan an kashe shi kafin ya sake shiga? Ga kuma ƙwayoyi. Tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa, kuma kowa ya san yadda take yawo a filayenmu. Yaro zai iya kaiwa matakin ƙasa a dakatar da shi saboda abin da ba wanda ya taɓa gaya masa laifi ne.

Masu hangen waje suna da hanyoyi, ko da yake ƙofar ƙarama ce. A Ingila akwai Loughborough da Liverpool John Moores, inda aka fara digirin kimiyyar wasanni a 1975. A Jamus akwai jami'ar wasanni ta Kolon, a Afirka ta Kudu akwai Cape Town da Stellenbosch da Pretoria. Tallafin Chevening na digiri na biyu ne na shekara ɗaya, yana kuma neman gogewar aiki ta shekara biyu. Akwai na Commonwealth da na DAAD ta Jamus. TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, sai ka samu aikin koyarwa tukuna. A duk waɗannan, wanda ya rubuta cewa yana ƙaunar wasanni tun yana yaro yana cikin dubbai. Wanda ya ce ga alƙaluman yara 40 da ya bi tsawon azumi biyu, ga abin da ya gani, ga abin da yake so ya koyo don ya ƙarasa, shi ake kira.

Yanzu ga amsar tambayar mahaifi, ba tare da ƙawa ba. Aikin da ya fi tabbas shi ne koyarwa: jami'a, kwalejin ilimi, sakandare. Sai hukumomin wasanni na jihohi, da Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka dawo da ita a 2024 a madadin ma'aikata, da Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Sojoji da 'yan sanda da sauran masu kaki suna bukatar masu horar da jiki, kuma a Zariya ne Daffo yake, inda ake horar da kuratan soja. Kulob 20 na gasar firimiyar Najeriya yawancinsu na gwamnatocin jihohi ne, kaɗan ne ke da gurbin masanin kimiyya da sunansa, kuma jinkirin albashi sanannen abu ne. Inda ƙofa ke ɗan buɗewa shi ne makarantun horar da yara ƙwallo masu zaman kansu, domin su sayar da 'yan wasa waje suke yi, kuma mai saye yana son ganin alƙaluma. Sai wuraren motsa jiki a Kaduna da Kano da Abuja, da masu hawan jini da ciwon suga da likita ya ce su riƙa motsa jiki amma ba wanda ya tsara musu yadda za su yi. A nan mata masu wannan ilimi suna da kasuwar da ba mai ƙwace musu, domin akwai ɗimbin matan aure da 'yan mata da ba za su yarda namiji ya auna su ko ya horar da su ba, kuma iyaye sun fi sakin jiki su bar 'ya mace ta yi wasa in mace ce ke kula da ita.

Reshen da ke ba mutum damar aiki daga ɗakinsa a Samaru shi ne nazarin bidiyo da alƙaluma. Wanda ya ƙware a Excel, ya koyi R ko Python, harsunan kwamfuta da ake sarrafa alƙaluma da su, zai iya gwada hannunsa da bayanan wasanni da kamfanin StatsBomb ya saki kyauta, ya nuna aikinsa a intanet. Shiga harkar wasanni ta bayan fage yakan fara ne da aikin sa-kai. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya koyi ƙwallon kwando a hannun Koci Oliver Johnson, ya fara ne da farautar 'yan wasa wa Orlando Magic ba albashi, kafin ya kai ga shugabancin Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Ba kowa ke da halin yin aiki kyauta ba, na sani, shi ya sa ya fi a yi shi tun ana ɗalibi, a haɗa shi da bincike.

Abu biyu kuma a kiyaye. Digirin kimiyyar wasanni ba lasisin duba marar lafiya ba ne. Gashin ƙashi sana'a ce mai digirinta da hukumar da ke yi mata rajista, kuma wanda ya fara murza gwiwar da ta kumbura don a ce masa dokta yana iya nakasa yaro. Horar da ƙungiya ma yana da nasa lasisin na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wanda digiri ba ya maye gurbinsa, ko da yake wanda ya haɗa biyun ya fi samun shiga.

Kafin a biya kuɗin fom, a je sashen da ƙafa. A shiga ɗakin karatu a duba kundayen shekaru biyar da suka wuce, a ga wane malami ne ɗalibansa ke fita fili suna awo, a same shi a gaishe shi a ce, "Malam, ina da ƙungiyar yara da nake aiki da su, ga abin da nake so in auna, za ka duba ni?" A tambayi kayan awon da ke akwai da waɗanda ke aiki a cikinsu. In binciken ya shafi jini ko yara 'yan ƙasa da shekara 18, sai an samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike da sa hannun iyaye, kuma wannan kan ci watanni. Mai son auna 'yan wasa cikin azumi ya shigar da takardunsa tun kafin Rajab, in ba haka ba sai ya jira wata shekarar.